Sleipner A: yadda lissafin kwamfuta ya nutsar da dandamalin gas a Norwe

Da asubahin Juma'a, 23 ga Agustan 1991, wani katafaren ginin kankare mai tsayin mita 110, gindin dandamalin gas na Sleipner A, yana tsaye a kan ruwa a mashigin teku na Gandsfjord, kusa da birnin Stavanger na ƙasar Norwe. Shekara biyu aka yi ana gina shi. Abin da ya rage shi ne a aza masa benen ƙarfe a ka, a ja shi zuwa Tekun Arewa ya fara aikin haƙo iskar gas. A ranar gwaji ake yi: ana ɗura masa ruwa a ciki sannu a hankali yana nutsewa, don a tabbatar zai jure zurfin da za a kai shi ranar aza benen.

Ana cikin haka ma'aikatan da ke kai suka ji wata ƙara mai tsanani daga ƙasa. Ginin ya girgiza, ruwa ya fara kwarara cikin ɗaya daga cikin ginshiƙansa. Aka tada injinan zuƙe ruwa, amma abin da ke shiga ya fi ƙarfinsu. Jiragen ruwa suka kwashe mutane, Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ba a cika minti 20 ba ginin ya ɓace. Yana gangarawa, matsin teku yana farfasa ɗakunansa, kuma da ya daki ƙasa a zurfin kusan mita 220, na'urorin auna girgizar ƙasa suka nuna maki 3.0 a ma'aunin Richter. Ba abin da ya saura sai tarin ɓaraguzai. An ƙiyasta asarar gaba ɗaya a kan dala miliyan 700.

Babu guguwa a ranar, jirgi bai buge shi ba, kuma ba a samu magina da ha'inci wajen siminti ko rodi ba. Sun gina abin da zane ya ce su gina. Zanen ne ke da aibi, shi kuwa zanen an ɗora shi a kan alƙaluman da kwamfuta ta fitar.

Dalilin da ya sa bangon bai yi kauri ba

Kamfanin man Norwe, Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, shi ne mai gudanar da filin gas na Sleipner. Kamfanin Norwegian Contractors ne ya gina dandamalin, kuma ba baƙo ba ne a wannan aiki. Sleipner A shi ne na goma sha biyu a jerin irin waɗannan gine-gine da ake kira Condeep, waɗanda aka fara kafawa a Tekun Arewa tun 1975. Dabararsu ita ce ba a kafe su da turaku a ƙasan teku. Nauyinsu kaɗai ke zaunar da su.

Gindin Sleipner A ɗakuna ne 24 masu siffar ganga, a manne da juna, sun mamaye fili mai faɗin murabba'in mita 16,000. Huɗu daga cikinsu aka ci gaba da ginawa sama suka zama ginshiƙai, waɗanda za su ɗauki bene mai nauyin tan 57,000, da injinan haƙa da masaukin mutum kusan 200. Inda za a kafa shi zurfin ruwa mita 82 ne.

Irin wannan gini yana da buƙatu biyu da ke karo da juna. Dole ya yi iyo, domin a kan ruwa ake ƙarasa gina shi, a kan ruwa kuma ake jan sa zuwa wurin aiki da bene a kansa. Kowane taƙin kauri da aka ƙara wa bango nauyi ne da ke rage masa iya ɗaukar kaya. Dole kuma ya jure matsin ruwa. Abin lura a nan shi ne, lokacin da ya fi shan wahala a duk rayuwarsa yana zuwa ne tun bai bar gida ba. Ba wata ƙugiya da za ta ɗaga tan 57,000. Don haka sai a nutsar da ginin har ya zama 'yan mitoci kaɗan na ginshiƙan ke leƙowa, a turo benen a kan kwale-kwalen dakon kaya ya tsaya a samansu, sannan a zuƙe ruwan ciki ginin ya taso ya ɗauki benen da kansa. A wannan zurfi ne bangaye ke fuskantar matsin da ba za su sake gani ba. Injiniyoyi suna rage kauri iya yadda lissafi ya yarda, saboda haka rarar da ake bari don ko-ta-kwana ba ta da yawa. Wanda ya bar rara kaɗan, ya jingina komai a kan ingancin lissafinsa.

Wurin da ya karye

Ka jera randuna uku su taɓa juna, za ka ga wani giɓi mai kusurwa uku a tsakaninsu. Haka yake a duk inda ɗakuna uku suka haɗu a gindin Sleipner A. Waɗannan giɓoɓi a buɗe suke ta sama, ruwan teku yana cika su.

Bango mai zagaye yana son matsi daga waje. Ruwa yana danna shi ta ko'ina, shi kuwa kankare ba abin da ya iya kamar jure danniya. Inda yake da rauni shi ne ja: abin da zai iya jurewa idan ana jan sa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa idan ana danna shi ba, shi ya sa ake saka masa rodi. A cikin giɓin kuwa lamarin ya juye. Ruwan teku yana ciki da cikakken ƙarfinsa, yana tura bangaye uku zuwa cikin ɗakunan da ruwansu bai kai wannan tsayi ba. Bangayen suna son lanƙwasa, kusurwoyin kuma suna son buɗewa.

Kowane mita 10 na zurfin ruwa yana aza nauyin kusan tan 10 a kan kowane murabba'in mita. A lokacin da ginin ya karye, matsin ya kai na zurfin mita 65, wato kimanin tan 65 a kan kowane murabba'in mita na bangon da kaurinsa santimita 55 ne. Duk wannan nauyi yana taruwa ne a gefe biyu, inda bangon ya kama sauran ginin. A nan ake samun abin da za mu kira ƙarfin yanka: bangon yana son zamewa ya rabu da kusurwar da ke riƙe da shi. Karyewar da wannan ƙarfi ke haddasawa a kankare ba ta ba da sanarwa. Ba a ganin bango ya fara lanƙwasa balle a gudu. Tsaga ce take ratsawa a karkace, nan take.

Yadda kwamfuta ke lissafin gini

Babu wata ƙa'idar lissafi guda da za a rubuta ta faɗi yadda nauyi ke yawo a gini mai sarƙaƙiya irin wannan. Abin da ake yi shi ne a zana ginin a kwamfuta, a daddatsa shi zuwa ƙananan guntaye dubbai, kowane guntu mai sauƙin siffa wanda aka san yadda yake miƙewa ko tsukewa idan aka danna shi. Guntayen suna haɗuwa a mahaɗai, su zama raga da ta rufe ginin duka. Sai a gaya wa kwamfuta inda nauyi yake da inda aka tokare, ita kuma ta warware dubban lissafai a haɗe, ta faɗi yadda kowace mahaɗa ta gusa da irin wahalar da kowane guntu ke sha.

Dabarar ta fito ne daga masana'antar jiragen sama. A 1956 injiniyoyin Boeing tare da Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa aikin da ya aza harsashinta, suna neman hanyar lissafin fukafukan jirgi. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta sa aka rubuta manhajar NASTRAN. Da ita aka yi lissafin Sleipner A. Manhaja ce da aka daɗe ana gwadawa, an ƙera jirage da motoci da ita.

Sai dai dabarar tana da sharaɗi wanda duk mai aiki da ita ya sani. Kowane guntu ƙiyasi yake yi. Yana ɗauka cewa wahalar da ke cikinsa tana sauyawa ne a sauƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ginin yake shimfiɗe, wannan zato ba ya cutarwa. Inda abubuwa ke sauyawa da sauri, kamar kusurwa, dole guntayen su zama ƙanana, kuma siffarsu ta zama daidai. Idan guntu ya yi girma, ko ya karkace ya zama mai tsini, amsarsa tana kaucewa. Kwamfuta kuma za ta kawo wannan amsa da lambobi reras, kamar yadda take kawo ta gaskiya.

Abin da ya faru ke nan a kusurwoyin giɓin. Ragar da aka saƙa a wurin ba ta da laushi, guntayen manya ne, na bakin kusurwa kuma a karkace suke. Bayan haka akwai mataki na biyu. Kwamfuta ba ta ba da amsa a daidai bakin kusurwar ba, sai a wasu wurare a cikin bangon, don haka wata manhaja ce ke ɗaukar waɗannan amsoshi ta ja su zuwa bakin. Ta ja su ne a kan lanƙwasasshen layi, alhali ƙarfin yanka a bangon da ruwa ke dannawa bai-ɗaya yana hawa ne a kan miƙaƙƙen layi. Kuskure ya hau kan kuskure. Adadin da ya isa teburin masu zana rodi ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin ɗari. Kusan rabin nauyin ya ɓace a takarda, amma yana nan a cikin teku.

Daga nan komai ya bi wannan adadi. An saka zobban rodi masu tare ƙarfin yanka a ƙasan bangon, aka tsayar da su a tsayin da lissafi ya nuna ba a ƙara buƙatarsu. Karyewar ta auku ne a sama kaɗan da inda suka ƙare. A kusurwar kuma akwai wata sandar rodi mai kai a kowane gefe, wadda aikinta shi ne ɗaure bangaye biyu kada su buɗe. An yi ta gajera. Kanta bai kai can cikin kankaren da ke danne ba, inda zai samu abin kamawa. Tsagar ta zagaye ƙarshen sandar ta wuce abinta.

Statoil ya kafa tawagar bincike, cibiyar bincike ta SINTEF da ke Trondheim kuma ta zama mai ba ta shawara a fannin fasaha. Hukuncin binciken abu biyu ne a haɗe: babban kuskure a lissafin kwamfuta, da rashin kafa rodi yadda ya kamata a wuri mai haɗari. An gina samfurin kusurwar a ɗakin gwaji aka danna shi har ya karye, ya karye ta inda ake zato. Da aka sake lissafin da raga mai kyau, sai ya nuna ginin zai karye a zurfin mita 62. A 65 ya karye. Wannan tazara ta mita uku ita ce hujja mafi ƙarfi a kan cewa dabarar kanta lafiyarta lau. Da aka yi mata tambaya daidai, ta ba da amsa daidai.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne sauƙin gano kuskuren. Bango ne da aka san faɗinsa, aka san matsin da ke kansa. A ninka matsi da faɗi, a raba biyu, an samu abin da kowane gefe ke ɗauka. Ɗalibin injiniya a shekararsa ta biyu zai yi wannan a bayan takarda cikin minti biyar. Da an ajiye wannan adadi kusa da na kwamfuta, da an ga ba sa jituwa, domin abin da ke danna bango dole ya yi daidai da abin da ke tokare shi. Ban ga laifin mutum ɗaya a nan ba. Mutane ne ƙwararru, sun gina goma sha ɗaya ba su faɗi ba, kuma kwamfuta tana zubo musu alƙaluma na dubban wurare a ƙarƙashin yanayi daban-daban na nauyi. Idan takardu suka yi wannan yawa, ido yana komawa kan tabbatar da cewa an bi matakai, an sa hannu inda ya kamata. Tambayar ko adadin kansa yana da ma'ana sai ta rasa mai yin ta.

Da kwamfutar yau ce fa?

Akwai uzuri na gaske game da kaushin ragar. Laushin raga tsada ne da shi. Idan ka raba girman guntu biyu a gini mai tsawo da faɗi da kauri, yawan guntaye zai ninka sau takwas. Ka sake rabawa, sau 64. Karo na uku, sau 512. Lokacin warwarewa kuma ya fi haka hauhawa. Injiniyan ƙarshen shekarun 1980 da ke son saka dandamali sukutum a kwamfuta dole ya yi tsimi, ya zaɓi inda zai kashe guntayensa.

A watan Yunin 1993 aka fara fitar da jerin TOP500 na kwamfutocin da suka fi gudu a duniya. Wadda ta zo ta ɗaya, CM-5 ta cibiyar Los Alamos a Amurka, tana yin lissafi kusan biliyan 60 a daƙiƙa. Kwamfutar cinya mai kyau ta yau ta wuce haka. A 2022 kwamfutar Frontier ta cibiyar Oak Ridge ta haye biliyan sau biliyan a daƙiƙa, ninkin waccan sama da sau miliyan 18. Irin waɗannan injina suna rarraba raga ɗaya ga dubban ƙwaƙwalen lissafi, kowace ta warware yankinta suna musayar amsa a kan iyakoki. Ƙaramin kamfani ma yana iya hayar irin wannan ƙarfi ta intanet na 'yan sa'o'i.

Saboda haka amsar gaskiya ita ce e, wannan kuskure na musamman zai yi wuya ya tsallake yau. Manhajojin zamani suna yin gargaɗi idan guntu ya karkace fiye da kima. Ana iya sake lissafi da raga mai laushi, a sake da wadda ta fi ta, a ga ko amsar ta daina motsi. Idan tana motsi, ba a kai ba tukuna. Ana kuma iya kwaikwayon kankare yadda yake a zahiri, yana tsagewa, rodi yana miƙewa, maimakon ɗaukar sa a matsayin abin da ke komawa yadda yake bayan an sake shi, wanda shi ne zaton da aka yi a lissafin Sleipner. Masu ƙera motoci suna fasa mota sau ɗaruruwa a kwamfuta kafin su fasa ta gaske, kuma wannan ya rage kuɗi da lokaci ƙwarai. Duk wanda ya ce a koma zamanin da babu waɗannan kayan aiki bai san abin da suka sauƙaƙa ba.

Amma ƙarfin inji yana maganin nau'i ɗaya ne kawai na kuskure. Masana suna raba tambayar gida biyu. Ta farko: shin an warware lissafin daidai? Ta biyu: shin lissafin da aka warware shi ne ya dace da abin da ke faruwa a zahiri? Ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, ta fitar da jagora a kan wannan rabo a 2006. Gudun kwamfuta yana taimakawa sosai a ta farko. A ta biyu kuwa, idan an saka nauyi a inda ba nan yake ba, ko an tokare abin da a zahiri yake motsi, ko an manta wani yanayi gaba ɗaya, raga mai guntu miliyan ɗari za ta kawo amsar banza cikin tsanaki. Har ma tana iya fin ta da haɗari, domin yanzu amsar tana zuwa ne a hoto mai launi, ja inda wahala take, shuɗi inda lafiya, mai daɗin kallo a ɗakin taro. Shuɗin da ya fito daga kuskure bai bambanta da shuɗin gaskiya ba.

Shi ya sa manyan masu amfani da kwaikwayon kwamfuta ba su daina gwajin zahiri ba. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara tashi a 1994, an zana shi gaba ɗaya a kwamfuta da manhajar CATIA. Duk da haka a 1995 sun ɗaure jirgi guda a ɗakin gwaji, suka yi ta jan fukafukansa sama har suka karye, a kashi 154 cikin ɗari na nauyi mafi girma da ake sa ran zai gamu da shi a sama. Ƙa'ida ta ce ya jure 150.

Ginin na biyu

Statoil ba shi da lokacin zaman makoki. Akwai kwangilar sayar da gas ga ƙasashen Turai da za ta fara aiki a watan Oktoban 1993, ga bututun Zeepipe da ake shimfiɗawa zuwa Zeebrugge a Beljiyam. Benen ƙarfen bai salwanta ba, tunda ba a kai ga aza shi ba. Gindi ne babu. Aka yanke shawarar gina wani nan da nan.

A nan aka shiga tsaka mai wuya. Ba za a iya dogara da tsohon lissafin ba, sabon lissafin kwamfuta kuma da za a amince da shi zai ɗauki watanni kafin a saƙa raga, a gwada ta, a tace sakamakon. Ba za a iya jira ba. Sai injiniyoyi suka koma kan hanyoyin da ake bi kafin zuwan kwamfuta. Suka rarraba ginin zuwa sassan da hankali zai iya riƙewa: wannan zobe ne da ruwa ke matsewa, wannan bango ne da aka tokare ta gefe biyu, wannan kusurwa ce da ke son buɗewa. Kowane sashe aka bi hanyar da nauyi ke bi a cikinsa da hannu, aka saka rodi a inda ake ja, aka tsawaita sandunan kusurwa har suka kama kankare mai ƙarfi. Inda shakka ta shigo, aka ƙara. Ginin ya fi na farko cin kaya.

Lissafin kwamfuta ma an yi shi, a gefe guda, da raga mai kyau a wannan karon. Michael Collins na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa, waɗanda suka yi nazarin hatsarin a 1997, sun ba da labarin cewa kafin sakamakon kwamfutar ya fito, an riga an kammala zanen da hannu, an kuma gina mafi yawan ginin. Aikin da ya rage wa kwamfuta shi ne duba abin da mutane suka riga suka fahimta.

Ranar 29 ga Afrilun 1993 aka nutsar da sabon gindin zuwa zurfin da ake buƙata, aka turo benen a samansa, aka zuƙe ruwa, ya taso ya ɗauka. Aka ja shi zuwa Tekun Arewa aka zaunar da shi a zurfin mita 82. Gas ya fara isa Zeebrugge ranar 1 ga Oktoban 1993, ranar da kwangila ta ajiye tun farko.